PORSCHE 917: MOTAR DA DIREBOBI SUKA ƘI SHIGA, DAGA BAYA TA ZAMA ZAKARA

Cikin watan Afrilu na shekarar 1969, a harabar masana'antar Porsche da ke birnin Stuttgart, a ƙasar da ake kira Jamus ta Yamma a zamanin, aka jera waɗansu fararen motoci guda 25, kafaɗa da kafaɗa, kowace tsawonta daga ƙasa bai kai ƙugun mutum sosai ba. Jami'an hukumar da ke kula da tseren motoci ta duniya ne suka zo ƙidaya su. Shugaban sashen injiniyoyi na kamfanin, wani saurayi mai suna Ferdinand Piëch, ya yi musu tayin su zaɓi wadda suka ga dama su zagaya da ita. Suka yi godiya, ba wanda ya shiga. Abin da ya biyo baya cikin 'yan watanni ya nuna cewa jami'an nan ba su yi wauta ba.

Sunan motar 917. Ba a ƙera ta don kai yara makaranta ko zuwa ofis ba. Buri guda ne aka ƙera ta dominsa, watau ta ci tseren awa 24 da ake yi a garin Le Mans na ƙasar Faransa tun 1923. Tsarin wannan tsere mai sauƙin faɗi ne: a tashi da la'asar ranar Asabar, a yi ta kewaya wata hanya mai tsawon wajen kilomita 13 da rabi, dare da rana, ruwa ko iska, har la'asar ta Lahadi. Motar da ta fi kowa cin nisa ita ce ta ɗaya. Direbobi biyu ke karɓa-karɓa a zamanin, amma inji ɗaya ne, giya ɗaya ce, babu mai karɓarsu.

Porsche ya soma halartar Le Mans tun 1951, ya kuma sha cin kofi a rukunin ƙananan motoci. Amma babban kofi na manya ne. Ferrari na Italiya ya riƙe shi shekara shida a jere, daga 1960 zuwa 1965, sa'an nan Ford na Amurka ya zo da ɗimbin kuɗi da manyan injuna ya ƙwace.

DOKAR DA TA BAR ƘOFA A BUƊE

Gudun da motar Ford mai injin lita 7 ta yi a 1967 ya tsorata hukuma. Sai ta kafa doka cewa daga 1968 duk motar gwaji, watau irin wadda kamfani ke ƙera guda biyu ko uku don tsere kaɗai, kada injinta ya wuce lita 3. Amma don kada fili ya zama fayau, aka yarda motocin da aka ƙera da yawa don sayarwa su shiga da inji har lita 5, muddin an yi guda 50. Cikin 1968 aka rage adadin zuwa 25.

Lissafin hukuma shi ne, tsofaffin motoci irin su Ford GT40 da Lola za su ci moriyar wannan sassauci, don babu kamfanin da zai zuba dukiyarsa ya ƙera sababbin motocin tsere har 25 lokaci guda. Ba ta sa Piëch cikin lissafin ba. Shi jikan Ferdinand Porsche ne ta wajen uwa, shekarunsa 31 a lokacin, kuma mutum ne da ba ya jin kira idan ya sa abu gaba. Ya lura Porsche ya saba ƙera motocin tsere da yawa kowace shekara, yana sayar da su ga masu kuɗi bayan an yi tsere ɗaya ko biyu da su. To, me zai hana a ƙera 25 ɗin gaba ɗaya?

Aka fara zane a tsakiyar 1968. Ran 12 ga watan Maris, 1969, aka baje motar a kasuwar nunin motoci ta Jeniba, aka sa mata kuɗi Mak 140,000, kimanin kuɗin motocin Porsche 911 guda goma. Da jami'an hukuma suka fara zuwa duba aiki, 'yan kaɗan suka tarar a haɗe, saura kuwa kayayyaki ne tsibi-tsibi. Kamfanin ya ce ai ga kayan nan, babu amfanin a haɗa mota yau a sake kwance ta gobe. Hukuma ta ce doka ta ce motoci, ba ta ce kayan motoci ba. Dole aka tattaro duk wanda ya iya riƙe sifana, har ana ba da labarin cewa da ma'aikatan ofis a ciki, aka haɗa su cikin 'yan makonni. Wannan shi ne asalin jeren da aka yi a harabar masana'anta.

INJIN DA BA YA SHAN RUWA

Duk wanda ya taɓa mallakar Volkswagen Beetle, irin wadda aka riƙa haɗawa a Legas daga 1975 kuma ma'aikatan gwamnati da yawa suka saya da rancen mota, ya san abu biyu game da ita: injinta a baya yake, kuma ba ta da lagireto. Iska ce ke sanyaya ta. Kakan Piëch ne ya zana wannan mota, kuma dangantakar kamfanonin biyu ba ta tsaya ga jini ba. Volkswagen ya ɗauki kaso mai tsoka na kuɗin da Porsche ke kashewa wajen tsere, bisa sharaɗin injunan su kasance masu sanyaya da iska, domin duniya ta ga cewa tsarin da ake sayar wa talaka yana iya cin kofi.

Injiniyan da aka ɗora wa nauyin injin shi ne Hans Mezger. Ya shimfiɗa silinda 12 a kwance, shida dama shida hagu, girmansu duka lita 4 da rabi. Kwantar da su da aka yi ya sa nauyin ya sauka ƙasa, abin da ke taimakon mota wajen shan kwana. A bisa injin ya ɗora wata babbar fanka a kwance, kamar faifai, tana tura iska ƙasa ta ratsa tsakanin silindojin. Injin ya fara da ƙarfin dawaki wajen 580, daga baya da aka faɗaɗa shi zuwa lita 5 ya kai 630. Beetle ta gida ba ta wuce 50 ba.

Wurin da gwanintar Mezger ta fito sosai shi ne karanshaf, watau sandar ƙarfen nan da fistin ke juyawa. Injin silinda 12 dogo ne, don haka sandarsa doguwa ce. Idan doguwar sanda tana juyawa sau dubu takwas a minti ɗaya, fistin goma sha biyu na dukanta bi da bi, takan riƙa murɗewa tana warwarewa kamar igiyar guga, har wata rana ta karye. A yawancin injuna daga ƙarshen sandar ake ɗaukar ƙarfi a kai wa giya, kuma can ne murɗawar ta fi tsanani. Mezger ya san cewa a tsakiyar sandar akwai gurbin da kusan ba ya murɗewa sam. Sai ya sa haƙoran ƙarfe a daidai nan, ya ɗauko ƙarfin daga tsakiya, ya bi da shi ta wata sanda dabam da ke ƙarƙashi zuwa kuloci. Daga tsakiyar nan kuma ake juya fanka da sandunan da ke buɗe bawul. A aikace sai ya zama kamar gajerun injuna biyu ne masu silinda shida-shida aka haɗa baya da baya. Bai kuwa tsaya ƙera injin gwaji ya ga ko dabarar za ta yi ba, don babu lokaci. Daga takarda aka wuce wajen zuba ƙarfe.

Sanyaya da iska tana da nata haraji. Da wuya a sanyaya kan silinda mai bawul huɗu da iska kaɗai, saboda haka 917 ta tsaya a bawul biyu, alhali Ferrari mai lagireto yana da huɗu. Amma kuma ba ta ɗauke da ruwa, ba ta da tiyon da zai fashe da tsakar dare, kuma wannan ba ƙaramar riba ba ce a tseren awa 24.

Sai maganar nauyi, wadda ta zame wa Piëch kamar ciwo. Doka ta ce kada motar ta gaza kilo 800, shi kuwa ya ce kada ta wuce haka. Ƙashin motar, wanda komai ke rataye a jikinsa, siraran bututu ne na alminiyam da aka yi wa walda, nauyinsu duka wajen kilo 42, watau bai kai buhun siminti ba. A kan wannan ne aka ɗora injin dawaki 580. Da yake waldar alminiyam na iya tsagewa ido bai gani ba, sai aka cika bututun da iska mai matsi, aka sa ma'auni. Idan allurar ma'aunin ta sauka, to wani wuri ya tsage ke nan, sai a shiga nema. Jikin motar kuwa roba ce haɗe da zaren gilashi, sirirya ƙwarai. Jikin injin da ƙarfen maganiziyam aka zuba shi, waɗansu sassansa na taitaniyam. Hatta ƙulun da ke kan sandar giya na itace ne, makullin ma an huhhuda shi. Abin dariya shi ne, da yake a takarda motar sayarwa ce, dole aka sa mata kujera biyu da tayar safiya.

Girman injin ya tura direba gaba sosai, har ƙafafunsa suka wuce layin tayoyin gaba. Tsakanin tafin ƙafarsa da duk abin da motar za ta daka, babu komai sai 'yan bututun alminiyam da ɓawon roba.

SAURI YA HAIFI NAWA

Piëch ya yi imani da abu guda: a rage tirjiyar iska gwargwadon iko. A Le Mans akwai miƙaƙƙiyar hanya da ake kira Mulsanne, mai tsawon kusan kilomita 6 ba kwana a wancan zamani, kuma wanda ya fi gudu a nan ya ci rabin tsere. Don haka aka yi wa 917 jiki mai santsi da doguwar jela mai gangarowa ƙasa, yadda za ta ratsa iska kamar kifi a ruwa.

Ta kuwa ratsa. Matsalar ita ce, siffar da ke da tudu a sama da shimfiɗa a ƙasa siffar fiffiken jirgin sama ce. Da motar ta haura kilomita 300 a awa, sai iska ta soma ɗaga bayanta, tayoyin baya su rage riƙon kwalta, ta riƙa yawo daga wannan gefen hanya zuwa wancan, direba na kokawa da sitiyari. Injiniyoyi suka zargi ƙashin motar, suka ce yana lanƙwashewa. Suka zargi sifirin, suka zargi tayoyi. Aka yi ta gyare-gyare, ciwon na nan.

A tserenta na farko, a Spa ta ƙasar Beljiyam cikin watan Mayu 1969, Jo Siffert ɗan ƙasar Suwizalan ya fi kowa gudu da ita wajen gwaji, amma ranar tsere ya ce a ba shi tsohuwar 908 mai lita 3, kuma da ita ya ci. Da aka je Nürburgring, direbobin kamfanin kansu suka noƙe, sai da aka ɗauko haya daga waje, David Piper da Frank Gardner, waɗanda suka lallaɓa ta suka zo na takwas.

A Le Mans na wannan shekara abin ya kai ga rai. Wani Bature ɗan Ingila, John Woolfe, ya sayi 917 da kuɗinsa. Al'adar Le Mans a lokacin ita ce direbobi su tsaya a ƙetaren hanya, in an kaɗa tuta su sheƙo da gudu, su faɗa mota su tashi, da yawansu ba tare da sun tsaya ɗaura bel ba. Woolfe bai gama zagaye na farko ba motar ta ƙwace masa a wurin da ake kira Maison Blanche, ta daki shinge, ta tarwatse, ta yi jifa da shi waje, ya mutu. Tankin mansa yana ci da wuta ya gangara ƙarƙashin Ferrarin Chris Amon, wanda ya tsira da ƙyar. A safiyar Lahadi wata 917, ta Vic Elford da Richard Attwood, tana gaba da rata mai yawa, sai ta lalace saura awa uku. Jacky Ickx ɗan Beljiyam, wanda ya ƙi yin gudu wajen tashi, ya taka a hankali ya ɗaura bel ɗinsa ya tashi na ƙarshe, shi ya ci da tsohuwar Ford GT40. Ya riga Hans Herrmann na Porsche, wanda ke tuƙa 908, da tazarar wajen mita 120 kacal bayan awa 24. Daga wannan shekara aka daina gudun ƙafa a Le Mans.

ƘWARI SUN BA DA SHAIDA

Porsche ya kashe kuɗin da ya kusa girgiza kamfanin, ga motoci jibge, ga gawa, babu kofi. Sai ya yi abin da ba a zata ba, ya miƙa ragamar tsere ta 1970 ga John Wyer, Baturen Ingila wanda motocinsa na Ford, masu launin shuɗi da ruwan lemo na kamfanin mai na Gulf, suka kayar da Porsche shekara biyu a jere.

Cikin watan Oktoba 1969 ɓangarorin biyu suka haɗu a filin tsere na Zeltweg a ƙasar Ostiriya don gwaji. Aka yini ana juya sifirin ba canji. Babban injiniyan Wyer, John Horsman, ya tsaya yana duban motar bayan ta dawo, sai idonsa ya kai kan wani abu da kowa ke gani amma ba wanda ya kula. Hancin motar da gilashinta sun yi dabbare-dabbare da matattun ƙananan ƙwari da ta yi ta daka a hanya. Amma 'yan fikafikan da ke can ƙarshen jela, waɗanda aka sa musamman don iska ta danne bayan motar, tas suke, kusan ba ƙwaro ko ɗaya. Inda ƙwaro bai kai ba, iska ba ta kai ba. Ashe iskar na rabuwa da jikin motar tun daga rufi, ta wuce can sama, ta bar fikafikan suna zaman banza.

Horsman da makanikansa biyu suka ari fallayen alminiyam, suka yanka da almakashin ƙarfe, suka ɗaure da ƙusoshi, suka ta da jelar sama ta zama kamar gangaren da ke hawa zuwa baya. Aikin ba kyan gani, ya fi kama da na mai facin bokiti. Washegari Brian Redman ya fita da ita, maimakon ya dawo bayan zagaye biyu yana ƙorafi kamar yadda ya saba, sai ya yi ta zagayawa. Lokacin da take ɗauka a kowane zagaye ya ragu da daƙiƙoƙi da dama, abin da a harkar tsere daidai yake da sauya mota. Injiniyoyin Jamus da ke wurin suna da nasu labarin, inda suka ce su ma hankalinsu ya riga ya karkata ga jelar, kuma an daɗe ana ja-in-ja a kan wanda ya fara gani. Ko ma wane ne, darasin bai yi wa Piëch daɗi ba: sabuwar jelar ta ƙara tirjiyar iska, ta rage gudu a miƙaƙƙiyar hanya, amma ta danne tayoyi a ƙasa har direba ya sami zuciyar taka mai. Wannan siffa ce aka gyara aka kira 917K, harafin K na nufin gajeriya da Jamusanci.

Daga nan sai kiɗa ya sauya. Ferrari, wanda ya sayar wa Fiat rabin kamfaninsa a 1969, ya bi sawu ya ƙera nasa motoci 25 masu lita 5, samfurin 512. Duk da haka cikin tsere goma na gasar duniya ta 1970, Porsche ya ci tara. A Brands Hatch ta Ingila, cikin ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, Pedro Rodríguez ɗan Meziko ya ci da ratar zagaye biyar, tuƙin da har yanzu masana ke ambato.

Amma babban kofin bai faɗa hannun Wyer ba. A Le Mans na 1970 ruwa ya yi ta zuba cikin dare, manyan motoci suka yi ta faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, har ya zama cikin 51 da suka tashi, 7 kaɗai aka lissafa sun kammala. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Wata 917K ja da fari mai lamba 23, ta ƙungiyar Porsche Salzburg wadda ke hannun dangin Piëch, ta tashi a matsayi na 15 da ƙaramin injin lita 4 da rabi, wanda Attwood ya zaɓa da gangan don ya fi amincewa da shi. Ita ce ta rage a gaba. Abokin tuƙinsa shi ne Herrmann ɗin nan da aka kayar da mita 120 bara. Shekarunsa 42, ya kuma yi wa matarsa alkawari cewa in ya ci zai bari. Ya ci, ya cika alkawari.

A 1971 an gyara doguwar jelar da taimakon masana iska na Faransa, har ta riƙa haura kilomita 380 a awa a Mulsanne ba tare da yawo ba. Sai dai dogayen duk sun lalace a hanya, gajeriya ce ta sake ci, a hannun Helmut Marko ɗan Ostiriya da Gijs van Lennep ɗan Holan. Ƙashin wannan motar na maganiziyam ne, ƙarfen da ya fi alminiyam sauƙi amma in ya kama wuta ruwa ba ya kashe shi. Sun ci kilomita 5,335 cikin awa 24, watau kilomita 222 kowace awa, har da tsayawa shan mai da sauya taya. Mai karatu ya kwatanta: kamar a tashi daga Kaduna a isa Kano cikin awa guda ne, a kuma yi ta maimaita haka yini da kwana. Ba a karya wannan nisa ba sai a 2010, lokacin da motar Audi ta wuce shi.

Hukuma ta rufe ƙofar da ta bari a buɗe. Daga ƙarshen 1971 aka hana motocin lita 5 shiga gasar duniya. Porsche ya kwashe kayansa ya nufi gasar Can-Am ta Amurka da Kanada, inda kusan babu dokar girman inji. A can aka cire wa motar rufi, aka ƙara wa injin Mezger na'urar turbo guda biyu, wadda ke amfani da hayaƙin salansa ta juya fanka ta cusa wa inji ƙarin iska. George Follmer ya ci gasar 1972 da samfurin 917/10, Mark Donohue ya ci ta 1973 da 917/30 mai lita 5.4 da ƙarfin dawaki 1,100 ko fiye. Abin da aka koya a nan game da turbo shi ne ya shiga motar 911 Turbo da aka soma sayarwa a tsakiyar shekarun 1970.

Piëch ya bar Porsche a 1972, lokacin da iyalin suka yanke shawarar janye 'ya'yansu daga shugabancin kamfanin. Ya koma Audi, daga baya ya shugabanci Volkswagen baki ɗaya daga 1993 zuwa 2002, ya rasu a 2019. Mezger ya bi shi a 2020. Direbobin ba su yi wannan tsawon rai duka ba. Rodríguez ya mutu cikin wata Ferrari a watan Yuli 1971, Siffert ya mutu cikin wata BRM a watan Oktoba na shekarar. Marko ya rasa ido ɗaya a 1972, da dutse ya fasa gilashin hular kwanonsa a wani tsere a Faransa.

Ran 9 ga watan Agusta, 1975, aka fito da 917/30 daga ajiya, Donohue ya zagaya filin Talladega na jihar Alabama da ita a kan gudun kilomita 355 a awa, abin da ba a taɓa yi ba a rufaffen fili kafin ranar. Mako guda bayan haka ya tafi Ostiriya tseren Formula 1 da wata mota dabam. Tayarsa ta fashe wajen gwajin safe, a filin Zeltweg ɗin nan da aka ga ƙwari a jikin 917, ya rasu bayan kwana biyu a asibitin birnin Graz.